Gargaɗi a Kan Wani Mai Tallar Kwat na Gwanjo: Ya Ci Mini Naira 185,000

Assalamu alaikum. Kwana goma sha ɗaya na yi ina shawara da zuciyata kafin na rubuta wannan bayani, domin kunyar abin ta fi asarar yi mini ciwo. Amma da na ga jiya mutumin ya sake ɓullowa a Facebook da sabon suna, yana tallar kwat ɗin nan da ya tallata mini, sai na gane cewa shiruna taimakonsa nake yi. Naira 185,000 ya karɓa a hannuna, kuma 60,000 daga ciki ba nawa ba ne, na abokin aikina ne da ya ba ni saboda ya yarda da idona a kan kaya.

Ina so a fahimci cewa ni ba baƙo ba ne a harkar gwanjo. Fiye da shekara goma sha biyar ke nan ina sayen kayan zuwa ofis a Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, na san yadda ake sammako a tsaya a kan mai kaya lokacin da zai fasa dila, kafin 'yan sari su tsince na kirki su bar wa mutum tarkace. Idan na ɗauki kwat, ba tambarin wuya nake fara dubawa ba, domin kowane tela zai iya ɗinka shi. Aljihun ciki nake buɗewa in karanta 'yar takardar da ke faɗin ko ulu ne zalla ko an gauraya shi da roba, sannan in matse ƙirjin rigar da yatsu biyu in ji ko akwai wani yadi a tsakani da ke motsi da kansa, ko kuwa da gam aka manne shi, daga nan in duba ramin maɓalli da ƙarƙashin hammata inda gumi yake cin shafi. Mutumin da ya san wannan ba za a kira shi wawa ba, kuma ban yarda cewa wauta ce ta kai ni ba.

Abin da ya kai ni shi ne naira 2,000. A cinikinmu na farko na sayi rigar kwat guda ɗaya ta Hugo Boss a kan 18,000, kuma ta iso lafiya, ulu ne na gaske, har da warin nan na dila wanda duk mai sayen gwanjo ya sani. Wajen tura kuɗin na yi kuskure na tura 20,000. Ban ma lura ba sai ga saƙon banki ya shigo, ya mayar mini da 2,000, ya biyo da saƙon murya yana cewa, “Alhaji, kuɗinka sun yi yawa, haƙƙin mutum ba ya ciyuwa.” Na saurari wannan saƙo a ranar har sau uku, na kunna wa matata, na ce mata har yanzu akwai masu amana a ƙasar nan. Tun da abin ya faru kuma na saurare shi ya fi sau talatin, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, ban samu ba. Da naira 2,000 ya sayi 185,000.

Ya ce mini wata dila ta musamman ta iso daga Ingila ta hanyar Kwatano, kuma shagonsa yana kasuwar Katangowa a Legas. Ya turo bidiyo ana yanke ɗaurin dila, kaya suna bajewa a ƙasa, wani hannu yana ɗaga kwat biyu baƙaƙe, ɗaya Canali ɗaya Zegna, da takalmi na Church's wanda tafinsa na fata bai ko goge sosai ba. Fuskar mai hannun ba ta fito ba, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba. Ƙanina yana gab da zama lauya, yana bukatar baƙin kwat na mutunci, ni kuma na so in yi masa abin da zai tuna da shi. Muka daidaita a kan 120,000, abokin aikina ya zuba 60,000 a kan zai ɗauki kwat ɗaya.

Ya kamata in faɗi cewa tun kafin wannan, tun ma a cinikin farko, sunan da ke kan asusun bankin ba shi ne sunan da yake amfani da shi ba. Na tambaye shi, ya ce asusun ƙaninsa ne saboda nasa ya sami matsala. Na gani, na tambaya, na kuma wuce, saboda mutumin da ya mayar da 2,000 ba shi zan tsaya yi wa tambayar ƙure ba.

Bayan kwana biyu, ko uku, ya kira da daddare hankalinsa a tashe, wai jami'an kwastan sun tare motar da ta ɗauko kayan, kowane mai kaya sai ya kawo 45,000. Duk wanda ya san gwanjo ya san dokar Najeriya ta hana shigo da tufafin da aka yi amfani da su, ya kuma tuna yadda kaya suka yi wuya da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, don haka labarin bai yi kama da ƙarya ba. Na tura. Sai 20,000 na direba da lodi, wanda ina jin ma kafin kiran daren nan ya fara ambata shi, na tura shi ma. A lissafa: 120,000 da 45,000 da 20,000, jimla 185,000.

Kwali ya iso tasha ranar Asabar, kuma tun kafin in gama yanke selotef na san an cuce ni, domin babu warin dila ko kaɗan, sai warin sabuwar roba. Kwat biyu ne masu ƙyalli irin na 'yan rakiyar ango, an ɗinka musu tambari a wuya da farin zare, ɗinkin ma a karkace, har ana ganin hudar allurar tambarin da aka cire. Takalmin kuwa da gam aka liƙa tafinsa, ƙafar dama ta fi ta hagu girma. Na tsaya a bakin tasha riƙe da hannun riga ina kiran lambarsa, tana shiga ba a ɗauka, zuwa la'asar ya toshe ni a WhatsApp. Na roƙi wani ɗan'uwana da ke zaune a Agege ya je lambar shagon da ya ba ni, ya tarar da wata mata mai sayar da kayan yara, wadda ta ce masa ba mu ne muka fara zuwa neman wannan mutum ba.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit uku na kuɗin da na tura, da bidiyon dilar, da saƙon muryar nan, kuma zan saka su da zarar na rufe lambobin da ba su kamata a gani ba. Bankina ya ce in kawo rahoton 'yan sanda da umarnin kotu, kuma na fara bin hanyar.

Kada ku biya kuɗin gwanjon da hannunku bai taɓa ba, kuma idan sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku fasa cinikin.

Abokin aikina bai ce mini komai ba sai “Allah ya mayar da alheri,” wanda ya fi zagi zafi a wurina, kuma na yi masa alkawarin 60,000 ɗinsa idan an yi albashi. Ƙanina har yanzu bai sani ba, shekaranjiya ma ya tambaye ni ko kayan sun iso, na ce masa suna hanya, alhali kwalin yana ƙarƙashin gadona.