Bévitine, bitamin B1 ga mai ciwon hanta: abin da na gani

Jama'a masu jinyar mai ciwon hanta, ga ra'ayina kan ƙwayar Bévitine mai miligiram 250, ita ce tiyamin ko bitamin B1. Kawuna ke shanta a nan Garwa, hepatit B ce ta ci hantarsa har ta taurare, sirozi inji dokta.

Da farko dai, ba ta warkar da hanta, kar wani ya ruɗe ku. Amfaninta daban ne. Jiki bai ajiye tiyamin da yawa, cikin sati biyu zuwa uku ajiyar na iya ƙarewa, kuma hanta na cikin ma'ajiyarta, to in hantar ta lalace ga mara lafiya baya cin abinci ga Lasilix da ake bashi don kumburin ciki yana fitar da tiyamin ta fitsari, ka ga ai dole ta yi ƙaranci. Masu shan bilbil ko arki abin ya fi tsanani, don giya na hana hanji tsotsarta. Kawu bai taɓa sha ba amma duk da haka dokta ya rubuta masa ita a odonans, wato takardar magani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shine rashinta na taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya rikice, tafiya da tangaɗi, ido na rawa, kuma ruɗewar ta yi kama da wadda gubar hanta ke kawowa, wadda ake ba da maganin laktuloz dominta. In har an kai nan, wallahi ƙwaya ba ta isa ba, allura ce a asibiti da gaggawa, kuma a tuna wa likita batun tiyamin in za a sa ruwan gulukoz.

Ita ƙwayar ba wuyar haɗiya, ba ta dame shi a ciki ba, ciwon ƙafar da yake kuka da shi ya ragu a hankali, alhamdulillahi. Matsalarta kawai ba kowace farmasi ke da ita ba, sai an zaga. Wasu za su ce ka karɓi mai haɗin bitamin B6, kar ka yarda sai dokta ya ce, yawan B6 na lalata jijiya. Magungunan tebur da ke shan rana a kasuwa kam a bar su. Mu dai muna ƙara masa da wake da kunun gero.