Na'urar neman wanda dusar ƙanƙara ta binne: wacce za ka saya?

Duk mai shirin barin hanyoyin da aka share ya kutsa cikin tsaunukan Alps da hunturu, kaya uku ne dole: na'urar da ke aika sigina ta kuma kama na wani, sandar soke ƙanƙara, da shebur. Alƙaluman Suwizalan sun nuna cewa wanda aka tono cikin minti 10 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Ana wuce rabin awa sai lissafin ya kife. Jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa a wannan ɗan lokaci, abokan tafiyarka ne za su tono ka.

Na'urorin duka suna aiki a kan zangon rediyo ɗaya, wato kilohaz 457, saboda haka ta kowane kamfani tana jin ta ɗan'uwansa. Bambancin yana wajen nisan da take kamowa da sauƙin sarrafa ta idan hankali ya tashi.

Ni dai Barryvox S ta kamfanin Mammut nake ɗaura wa ƙirjina. Eriya uku gare ta, faɗin filin da take bincikawa ya kai mita 70, wato ba sai ka yi ta kai da kawo a kan tarin ƙanƙarar da ta zaftaro ba. Allonta babba ne, kibiya da lambar nisa suna fitowa ɓaro-ɓaro ko rana tana haska dusa har ido na ƙwalla. Makunninta kuwa, da safar hannu mai kauri ma kana tura shi ya zauna daram. Idan mutum biyu ne a binne, ka gano na farko, sai ka danna maɓalli ta ajiye shi gefe ta bi na biyu. Gaskiya sabuwar fitowarta, S2, an janye wasu daga kasuwa a 2024 saboda matsalar makunni, to ka duba lambar taka a shafin kamfanin.

Tracker ta kamfanin BCA mai sauƙi ce, Amurkawa na son ta, amma nisanta bai kai ba. Diract Voice ta Ortovox magana take yi maka, ni kuwa ba na son surutu ina aiki. Kamfanin Pieps ya janye wasu samfuransa na DSP a 2021, su ma kan makunni.

Inda zan tsaya sosai shi ne gwanjo. Wani ya taɓa sayar mini da na'ura a matsayin "kusan sabuwa", fes daga waje. Da aka buɗe gidan batir, farin gari ya cinye ƙarafan ciki, an bar batir ya kwana a ciki tun bara. Tana kunnuwa, amma da an girgiza ta sai ta mutu. Tun daga nan abin da nake fara buɗewa ke nan. Mai eriya ɗaya ko biyu, ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Tsohuwar na'ura tana iya kaucewa daga zangonta ba ka sani ba, eriyar ciki kuma tana tsagewa idan ta faɗi ƙasa, ba alama a jiki.

Sai 'yan damfarar manhajar waya da ke cewa wayarka za ta zama na'urar ceto. Ƙarya ce tsagwaronta, waya ba ta aika sigina a kilohaz 457. Hasali ma cutar na'urar take yi: ka raba su da aƙalla santimita 20, idan kana bincike kuma 50. Haka ɗan abin RECCO da ake ɗinkawa a jikin riga don a gano mutum idan ya binnu, mai shago zai ce maka ya wadatar. Sai masu aikin ceto sun zo da injinsu yake amfani, kai kuma ba ka iya neman kowa da shi.

Shebur na alminiyam za ka saya, na roba lanƙwashewa yake, domin ƙanƙarar da ta zaftaro daskarewa take kamar siminti. Sanda kada ta gaza santimita 240. Jakar goyo mai balan-balan, wadda ke kumbura don rage yiwuwar ƙanƙara ta binne ka, tana taimakawa, amma sai kuɗi sun yi saura.

Kafin fita ka karanta sanarwar SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan, ko ta yankin da kake. Matakan haɗari biyar ne, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa, galibi a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45.