Shafin Tarbar Masu Saye: Ra'ayina Kan Aikin Wasu Samari a Asawase

Akwai wani ƙaramin kamfani na samari a unguwar Asawase, nan Kumasi ta Ghana, da ke gina wa 'yan kasuwa shafi guda a intanet, wanda duk mai danna tallarka a Facebook ko Instagram zai sauka a kansa, ya bar adireshin imel ɗinsa ko kuma ya biya kuɗin kaya nan take. Su ne suka gina wa shagona na jallabiya da turaren wuta irin wannan shafi, kuma a ganina aikinsu ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin nauyin shafin. Hoton kaya ɗaya ne, sai farashi a sidi, sai maɓallin saye, don haka yana buɗewa a ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni. Sun haɗa biyan kuɗi da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ta yadda mai saye zai rubuta lambar MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, saƙon amincewa ya faɗo a wayarsa, ya sa lambar sirri, ciniki ya faɗa. A ƙasar da MTN ta fara hidimar kuɗin waya tun 2009, wannan ce hanyar da kowa ya saba da ita, balle yanzu da aka soke harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025.

Inda muka saɓa da su shi ne batun imel. Sun ɗora akwatin imel a sahun gaba, suka jona shi da Mailchimp, kamfanin nan na Amurka mai tara adiresoshin imel da aika musu wasiƙar talla, kuma tsarin yana aiki yadda ya kamata. Sai dai mafi yawan abokan cinikina a unguwannin Aboabo da Alabar, imel ɗin da suke da shi mai sayar da waya ne ya buɗe musu ranar da suka sayi Android, kuma da dama ko kalmar sirrinsa ba su riƙe ba. Wasiƙar talla da aka aika irin wannan akwati tamkar shuka ce a kan dutse. Da na nemi a sa lambar WhatsApp a farko, imel ya biyo baya ga mai so, shugabansu ya ce, "Alhaji, ba haka ake yi ba a ƙasashen waje." Na nuna masa cewa masu sayena suna kasuwar Kejetia ta Kumasi, ya gyara.

Duk da haka ban raina imel ba, domin 'yan'uwanmu mazauna Bronx a Amurka da Hamburg a Jamus, masu saya wa iyayensu kayan Sallah daga can, suna buɗe nasu kullum, kuma jerin sunayen mallakina ne ko da an rufe mini shafin Facebook.

Abubuwa uku ban ji daɗinsu ba. Sun sa wani agogo mai ƙirga lokacin ƙarewar rangwame, wanda na lura yana komawa farko duk sanda aka sake buɗe shafin. Ɗan kasuwar da zai haɗu da masu sayensa a sahun Juma'a ba zai ɗauki wannan ba, don haka na sa aka cire. Sannan ba su rubuta jimlar da ke sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa ba, alhali dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, wato Act 843, ta wajabta hakan. Haruffan ɗ, ƙ da ɓ ma da farko murabba'ai suka riƙa fitowa, har sai da aka sauya salon rubutun.

Mai sayar da kaya ɗaya ko biyu masu tsayayyen farashi zai amfana da su. Amma ya tabbatar an buɗe asusun Mailchimp da na Paystack da sunansa, kalmar sirri tana hannunsa, kuma ya tambayi kuɗin wata tun da wuri, domin idan jerin ya yi yawa ana shiga tsarin biya, kuma a dala ake lissafinsa.