Gargaɗi: Na'urar "rage kuɗin wuta" da ake tallatawa a WhatsApp damfara ce

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya same mu a gida, ni da gwaggona, shi ya sa na ɗauki waya na rubuta wannan, domin na tabbata a daidai wannan lokacin akwai wanda yake shirin tura kuɗinsa.

Akwai wani mutum da yake tallata wata 'yar na'ura a Facebook da zaurukan WhatsApp, musamman na mata masu sana'ar cikin gida. Fara ce, ba ta wuce girman sabulun wanka ba, tana da ƙafafu biyu da ake sokawa a soket da wata 'yar koriyar fitila a gabanta. Cewa yake da zarar ka jona ta, mitarka za ta rage cin kati da rabi, har da bidiyon da ke nuna lambar na'urar gwaji tana sauka idan aka jona ta kusa da fanka. Yana haɗa ta a talla ɗaya da kyamarorin tsaro da ƙwayayen fitila masu aiki da waya, sai ka ɗauka ita ma tana cikin kayan zamani na gaskiya.

Ya san lokacin da ya zo. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato layin da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, gidajen da ke kan wannan layi suka shiga wani hali. An ɗan rage daga baya, amma ba ragin da za ka ji a aljihunka ba. A wancan farashi, katin naira 10,000 ko yunit 45 ba ya ba ka. Wanda yake cikin wannan aka ce masa ga mafita, dole ya tsaya ya saurara. Na sayi biyu, kowace a kan 18,500. Gwaggo kuwa ya lallaɓe ta ta zama wakiliyarsa a unguwa, ta kwashi adashenta ta sari guda goma sha biyu. Asusun da muka tura kuɗin sunansa daban da sunan shafin, kayan kuma direba ne ya kawo tasha. Ba shago, ba rasit.

Sati uku ina rubuta abin da ya rage a mita kowace safiya. Yadda take ci da, haka take ci yanzu. Da na yi masa magana sai ya ce in ƙara haƙuri, wai sai na'urar ta saba da wayarin ɗin gidan, kuma hakan yana ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu. Ku lura da wannan amsar, ita ce ƙashin bayan damfarar: kafin wata biyun ya cika ya gama sayar wa dangi da maƙwabtanka ta bakinka. Da na matsa, sai ya koma cewa gidanmu babba ne, sai an sa ɗaya a kowane ɗaki. Da na ce kuɗina nake so, ya toshe lambata.

Na ɗauki ɗaya na kai wa wani dattijo mai aikin wuta a bakin layinmu, wanda ya fi shekara ashirin yana yi mana wayarin. Ya juya ta a hannu, ya sa sukundireba ya ɓalle ta. A ciki akwai wani ɗan koren allo da bai kai ashana ba, sai kafasita baƙa guda ɗaya irin wadda ake sa wa fanka, sai 'yar fitilar nan da siraran wayoyi biyu. Sauran duk iska ce. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, ai wannan fitila ka saya. Ita kanta wuta take ci, ko da kaɗan ne."

Na ce, "To Baba, bidiyon da ya nuna mana fa? Da idona na ga lambar ta sauka."

A nan ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayanin da nake so kowa ya ji, domin bidiyon nan shi ne yake kama mutane, kuma ba haɗa shi aka yi ba, lambar tana sauka da gaske. Abin da suke aunawa amfiya ne, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Duk kayan da ke da mota a cikinsa, kamar fanka, firji ko injin jan ruwa, yana jan wani kaso na wuta da ke kai-komo a waya ba tare da an cinye shi ba. Idan aka jona kafasita kusa da shi, wannan kai-komon yana raguwa, sai amfiya ta sauka a na'urar gwaji. Amma mitar gida ba wannan take ƙirgawa ba. Tana ƙirga wutar da aka cinye ne, wato wat sau awannin da kayan ya yi a kunne. Ya ce kamar ka je wajen mai awo ne: mudun da aka auna maka za ka biya, ba yawan zirga-zirgar yaron shago ba. Manyan masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai suna sa manyan kafasita don sauƙaƙa wa wayoyinsu da tiransifomarsu nauyi, a nan damfarar ta aro 'yar gaskiyar da take fakewa a bayanta. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya ja wuta ta awa ɗaya cur, yunit ɗaya ya ci, ko ka jera irin wannan na'ura ashirin a bango.

Wanda ya riga ya saya, gani ya kori ji. Yawancin mitoci suna da 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kuma a fuskar mitar an rubuta ƙiftawa nawa ke cika yunit ɗaya, wata 1,000, wata 1,600, wata 3,200. Kashe firji da duk abin da ke ɗauka yana saki da kansa, ka bar fanka da fitilu kawai, ka ƙirga ƙiftawar minti biyu. Jona na'urar ka sake ƙirgawa. Mun yi hakan a gaban Gwaggo sau uku. Lamba ɗaya muke samu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba asarar kuɗin ba ne. Wadda muka buɗe babu fis a cikinta, kuma an ce a bar ta a jone dare da rana. Mun san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi a wasu lokuta. Ta gidan Gwaggo a bayan labule take, kusa da katifar da jikokinta ke kwana. Don Allah duk wanda yake da ita ya zare ta yau.

Za ku ga wasu tallace-tallacen da hoton Elon Musk, wai shi ya ƙirƙiro ta. Ƙarya ce, an daɗe ana yawo da irin wannan talla a Amurka da Turai, suna kawai ake canza wa kwalin.

Gwaggo ce ta fi ba ni tausayi. Ta riga ta sayar wa mata bakwai, har da aminiyarta ta islamiyya. Da na faɗa mata abin da muka gani, ta yi shiru na tsawon lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni suka sani, ba shi ba." Ta sayar da tunkiyarta ta bi su gida-gida ta mayar wa kowa kuɗinta. Mun kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu da shi, mun kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. A banki an nuna mana cewa jinkirin da muka yi ya rage damar riƙe kuɗin. Wanda abin ya same shi kwanan nan kada ya jira sati ukun da na jira.

Ba cewa nake kayan zamani duk banza ba ne. Bayan wannan na sayi soket mai nuna yawan wat a waya, a shago, aka gwada shi a gabana. Shi ba ya rage ko yunit ɗaya da kansa, nuna maka kawai yake wane kaya ne ke cinye katin. Da shi na gano tsohuwar firizarmu kusan ba ta hutawa saboda robar murfinta ta saki, da kuma hitar ruwa da yara ke mantawa a jone. In za ka saya, duba amfiyar da aka rubuta a jikinsa, domin mai 10 bai dace da manyan kaya irin hita ko na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma yawancinsu sai da intanet a gidan suke aiki daga nesa. Na'urar kariya da ke yanke wa firji wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ita ma kuɗinta bai tafi a banza ba.

Shafin mutumin ya ɓace, amma shekaranjiya ƙanwata ta turo mini bidiyon nan dai, hannu ɗaya, fanka ɗaya, da sabon suna da sabuwar lambar asusu, a zauren matan makarantar 'ya'yanta. Guda biyar ɗin da suka rage wa Gwaggo suna nan a leda a wurina. Duk wakilin da ya zo muku da ita, ku ce ya buɗe ɗaya a gabanku, ku kai shi gaban mita ku ƙirga tare.