Ayoyi a kati ko sura sukutum? Amsa ga mai son komawa hadda

'Yar'uwa, kin ce tun kina makarantar Lahadi kike ɗaukar ayar haddacewa daga Littafi Mai Tsarki kowane mako, amma yau da ƙyar goma suka rage miki a ka. Kina tambaya ko ki koma kan ayoyi ɗaiɗai, ko kuwa ki kama sura guda ki bi ta har ƙarshe. Na gwada duka biyun, ga abin da na gani.

Ayoyi ɗaiɗai da su yawancinmu muka taso. Ƙungiyar Navigators, wadda Dawson Trotman ya kafa a Amurka a 1933, ta yi suna wajen tsara wannan hanya: nassosi 60 a kan ƙananan katuna, an kasa su biyar bisa jigo, kowane kashi 12. In kina ɗaukar biyu a mako, wata bakwai kin gama. Kati kuwa ba shi da nauyi, a cikin keke ma sai ki zaro ki duba, ko kina jiran ruwan tuwo ya tafasa. Ranar da kika je gaisuwar rasuwa ko duba mara lafiya, aya tana bakinki, da surarta da lambarta. Kada ma wani ya raina gajerun ayoyi, don da Shaiɗan ya gwada Yesu a jeji, guda uku ya mayar masa, dukansu daga Maimaitawar Shari'a sura 6 da 8.

Sura sukutum ita kuma tafiyar ƙafa ce. In ma littafi guda kika ɗauka, Filibiyawa, mai surori huɗu, ayoyi 104 ne. Aya ɗaya a rana, kwana shida a mako, sai ki yi wata huɗu a kai. Kullum kina fara karatu daga aya ta farko ki gangaro har inda kika tsaya, sannan ki ɗora sabuwa. Wahalarta biyu. In aka tambaye ki aya ta 17, sai kin taso daga sama kafin ki iso ta. In kuma rashin lafiya ko biki ya ɗauke ki mako biyu, komawa sai da ƙarfin hali.

Duk da haka ni na fi karkata ga sura, kuma dalilina Filibiyawa 4:13 ne. Wace mota ce ba a manna mata ita ba? Ɗalibi ya ja ta ranar jarrabawa, ɗan kasuwa ya ja ta in zai saro kaya, kowa yana cewa zai iya kome ta wurin Almasihu. Amma wanda ya biyo ta aya ta 11 da ta 12 ya san Bulus yana tsare ne sa'ad da ya rubuta, kuma zancen da yake yi shi ne ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ashe ayar ta mai haƙuri ce kafin ta zama ta mai neman nasara. Haka Irmiya 29:11, mai alkawarin shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa, wadda ake yawan yi wa amare addu'a da ita: an aika ta ne ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta riga ta gaya musu sai sun yi shekara 70 a can. Kati ba ya faɗa miki wannan. Su marubutan ma ba su sa lamba ko ɗaya ba. Surorin da muke bi na ƙarni na 13 ne, ana danganta su da Stephen Langton na Ingila, ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya lambata su a 1551. Bulus wasiƙa ya rubuta don a karanta wa ikilisiya daga farko zuwa ƙarshe.

Ayoyin da suka zube miki kuwa, ba laifin kati ba ne. Rashin bita ne. Maƙwabtanmu mahaddata Alƙur'ani sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ko gwani ba ya barin tilawa. Mu kuwa sai mu faɗi aya ranar Lahadi, a tafa mana, shi ke nan an rabu.

Ki kuma tsaya kan fassara ɗaya. Fassarar Hausa ta 1932 tana cewa Yohanna da Matta, ta 1979 tana cewa Yahaya da Matiyu, kalmomin cikin ayoyin ma ba ɗaya ba ne. Na taɓa cakuɗa su a Zabura, har yau harshena yana sarƙewa a wurin.

In ni ce ke, da Zabura 23 zan fara, ayoyi shida ne, mako guda ya isa. Daga nan Romawa 8, mai ayoyi 39, da babbar murya kowace safiya, ki kuma sami wata a Zumuntar Mata da za ta riƙe Littafin tana sauraronki ranar taro. Katunan kuwa ki ba yara, su ne za su riƙa tsare ki da su a gindin murhu.