Abincin jirgin shan iska a ruwan Legas: gashi ya yi, tukunya ba ta yi ba

Sana'ata girkin biki ce a Agege, don haka idan aka ajiye min faranti ba na iya ci kawai in tashi, sai na ƙiyasta ƙarfe nawa aka sauke tukunyar. Da wannan idon na hau ɗaya daga cikin jiragen ruwan nan da ke yawo da mutane da yamma tsakanin Ikoyi da Lekki, ana ci ana kallon gari. Ƙanwar maigidana ce ta zo daga Zariya, ta ce ta gaji da ganin Legas ta tagar danfo. Maigidan ya biya mana mu uku, kuɗin da zai ishe ni cefanen mako biyu.

Mun tashi wajen ƙarfe biyar daga wata tasha a gefen titin Ozumba Mbadiwe. Kafin ka taka jirgin sai an ɗaura maka rigar kariya, dokar hukumar LASWA ce mai kula da hanyoyin ruwan jihar, kuma ma'aikatan ba su yi wasa da ita ba. Wani mai babbar riga ya so ya riƙe tasa a hannu, suka ce sai dai ya sauka. Wannan ya kwantar min da hankali. Jirgin hawa biyu ne: ƙasa akwai gilashi da sanyin na'ura da wurin sayar da abin sha, sama kuma rumfa ce a buɗe.

Abin da tallarsu ba ta faɗa ba shi ne yawancin abincin ba a cikin jirgin ake dafa shi ba. Ba laifi ba ne, babu mai hankalin da zai ɗora tukunyar mai a kan abin da ke tangaɗi. A ƙasa ake girkawa a kawo, a juye a manyan farantan ƙarfe masu 'yar wuta a ƙarƙashi. Matsalar ita ce jalof ba ta son jira. Da na ɗaga murfin, ruwan tururi ya ɗiga ya jiƙa ta sama ta yi laɓo-laɓo, gefen kuma ya bushe ya ƙanƙame. Launi ya fito, tattasai ya ji, amma babu ƙamshin nan na hayaƙin itace da ke sa ɗan Legas ya koma layi karo na biyu. Soyayyar agadar ta sha mai ta kwanta. Su samosa da fanke da aka fara zagayawa da su kuwa tun a tasha suka huce. Na ɗanɗana na ajiye.

Farfesun tarwada ya fi su mutunci. Na ji kimba da gyaɗar ƙamshi, an kuma sa ɗoɗɗoya a ƙarshe ba ta dahu ta mutu ba. Rabin kwano suke zubawa, ƙanwar maigidan har ta fara cewa rowa ce. Ba a jima ba wani jirgin fasinja mai gudu ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke, romon ya kai bakin kwano ya dawo. Ta dube ni ta ce, "Anti, ashe sun san abin da suke yi."

Inda kuɗinmu ya fita shi ne bayan jirgin, wurin gashi. Hayaƙin ne ya ja ni. Na tarar da wani dattijo da 'yar hularsa yana juya kifi a kan waya, ina jin yadda ya amsa sallama na san Basakkwace ne. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, naman nan yankan wa?" Ya ce, "Hajiya, ni da kaina nake zuwa Oko-Oba da asuba, ci da bismillah." Mayankar Oko-Oba a unguwarmu take, can nake sayen naman sana'ata, sai na saki jiki. Na tsaya ina kallon aikinsa. Karfasa da kuroka ne a gabansa, ya tsattsaga kowanne sau uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙaya, ya cusa markaɗen attaruhu da citta da tafarnuwa a cikin tsagar. Garwashin ya tara gefe guda, sai ya fara da wuta mai ƙarfi fatar ta kama, sannan ya ja kifin inda wutar ta yi sanyi ya ƙarasa a hankali. Ya ce iskar ruwa tana zuga garwashi fiye da na bakin titi, idan ka juya baya minti ɗaya kifi ya ƙone waje ciki ɗanye. Kurokar da ya ba mu fatar tana ƙaras-ƙaras, tsokar fara tas tana rabuwa da kanta, ruwanta bai tsere ba. Tsirensa ma yajin ƙuli ne na gaske, ba garin da ake cika wa gishiri da sinadarin ɗanɗano ba. Akwai kuma gasasshen naman akuya irin na Yarbawa, asun, wanda attaruhunsa ya sa maigidan ya shanye kofin zoɓo biyu a tsaye.

Kifin ba ya cikin kuɗin shiga, daban ake biya, kuma ba kowa ya san da shi ba. Mutane suna layi a kan shinkafa, dattijon yana can baya shi da hayaƙinsa.

Kallon kuwa babu abin cewa. Mun bi ta mashigin Five Cowrie, Ikoyi a hagu, Victoria Island da Lekki a dama, har muka ratsa ƙarƙashin gadar Lekki zuwa Ikoyi da gwamnan Legas na lokacin, Fashola, ya buɗe a 2013. Na sha bi ta kanta a mota, amma sai daga ƙasa na ga tsayin ginshiƙin nan da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. Daga nan ruwa ya buɗe, gidajen Banana Island a gefe, can nesa kuma gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda Babangida ya buɗe a 1990. Maigidan, da yake bin ta kullum zuwa aiki, ya nuna jerin jajayen fitilun motocin da suka tsaya cak a kanta ya ce yau dai ba da shi ba. Ruwan ba mai tsabta ba ne, kada a ruɗe ku da hotuna: robobi da ledoji suna yawo, ga kainuwa jefi-jefi.

Magariba a kan ruwa ta same mu, kuma a nan ne na ga ba a yi tanadinmu ba. Banɗaki ɗaya ne ɗan ƙarami, babu buta, da robar ruwan sha muka yi alwala. Na roƙi wata ma'aikaciya wuri, ta ja kujeru biyu a kusurwar sama ba tare da ɓata rai ba, har ta sa mai kiɗa ya rage sauti. Alƙibla a Legas gabas ce ta ɗan karkata arewa, amma jirgi yana juyawa. Maigidan ya duba waya ya daidaita, kafin raka'a ta biyu matuƙin ya karya kwana. Abin da muka koya a islamiyya shi ne ka juya tare da alƙibla idan da hali, haka muka yi. Mai zuwa ya tafi da alwalarsa da 'yar darduma.

Bayan duhu ya shiga yanayin ya canza. Ƙasan jirgin ya koma wurin masu shan giya, kiɗan ya ƙaru har sai ka sa baki a kunnen na kusa da kai. Ba su takura mana ba, kowa da harkarsa, amma ba zan kai surukata wannan zagayen ba, yara ma sai dai na rana. A sama muka zauna, kuma ko a saman a guji kujerun can baya idan jirgi ya rage gudu, hayaƙin dizal yana dawowa ya zauna a kan abinci. Abin zaƙi da aka rufe da shi kankana ce da abarba da wani kek mai sanyin firji, abarbar kaɗai na ci.

Idan za ku je, ku kira tukuna ku tambaya ko akwai mai gashi a jirgin ranar, domin dattijon ya ce min ba kullum ake ɗaukarsa ba, sai an sami mutane da yawa. Ku tafi da tsabar kuɗi, sabis yana ɗaukewa a tsakiyar ruwa, sai da muka dawo tasha kuɗin kifinsa ya shiga. Kuɗin ajiye mota ma daban ne, a bakin ƙofa muka ji.