CZ 457 Varmint MTR a mita 50: ra'ayin mai harbin takarda daga Kaduna

Duk wanda ya tambaye ni wace ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22 zai nema don harbin takarda, wato wasan saiti a kan takarda mai da'irorin maki, amsata ɗaya ce: CZ 457, samfurin Varmint MTR. Ba wai ta fi kowacce ba ne, bindigar Anschütz ta Jamus na nan da ranta. Amma idan aka duba kuɗi, aka duba irin harsashin da ke iso mana nan Kaduna, aka kuma duba hannun yawancinmu, ban ga wadda ta kama ƙafarta ba.

Maganar doka tukuna, don kada wani ya karanta ya ɗauka kasuwa zai shiga ya sayo. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar wasanni cikin rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙewa, harsashinta ma haka, kai har bindigar iska tana ciki. Ga halin tsaron da jiharmu ke ciki, ba sai an faɗa wa kowa ba. Da masu lasisi nake, da 'yan wasan da ke harbi ƙarƙashin ƙungiya ko rundunar tsaro, a filin da aka amince da shi. Mu ma can muke yi, kuma bindigogin da zan ambata duk a can na riƙe su.

Harsashin .22 LR, wanda wannan bindiga ke ci, tsoho ne, tun 1887 ya fito a Amurka. Abin da ya raba shi da manyan harsasai shi ne inda wutarsa ke tashi. Su manyan a tsakiyar gindin kwanso allurar bindiga ke bugu. Shi kuwa sinadarin kunna albarushin a cikin leɓen kwanso aka zuba shi zagaye, allura ta daki gefe, wuta ta tashi. Kan harsashin gasa dalma ce zalla, nauyinta bai wuce giram 2.6 ba, an shafe ta da kakin zuma ko wani maiƙo. Ba ya tokarin kafaɗa, ƙararsa kaɗan ce, shi ya sa da shi ake gasar mita 50 har a wasannin Olamfik, a durƙushe, a kwance da a tsaye. Da'irar maki goma a takardar wannan gasa faɗinta milimita 10.4 ne, kamar maɓallin kaftani. Wanda ya tsaya a mita 50 ya hango ta zai daina cewa ai duk bindiga bindiga ce.

Abu na farko da na ke cirewa a lissafi shi ne bindiga mai ɗura kanta. Irin su Ruger 10/22, wadda ake ƙerawa tun 1964, suna da daɗin harbi ƙwarai, sai dai dole a yi wa mazaunin harsashinsu ɗan sakwa-sakwa don su riƙa ɗurawa ba tangarɗa. Mai neman huji kan huji sakata yake so, wadda zai ja da hannu ya kulle harsashi a wuri guda kowane lokaci.

To, ita CZ 457 mai sakata ce. A garin Uherský Brod na ƙasar Cek ake yin ta, ta shigo kasuwa a 2019 ta gaji samfurin CZ 455. Sakatar tsohuwar sai an ɗaga ta digiri 90, ta sabuwar digiri 60 kawai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗora madubin saiti, domin hannun sakata ba ya gogar madubi, yatsa ma ba ya maƙalewa a tsakani. Bututun MTR mai kauri ne, tsawonsa inci 20 da rabi, tsagin cikinsa yana murɗa harsashi sau ɗaya a kowane inci 16. Nauyinta ya doshi kilo 3 da rabi ba tare da madubi ba. A kan buhun yashi takan zauna daram, a tsaye kuwa mai ƙaramin ƙarfi zai ji ta a damtse kafin a gama zagaye. Gidan harsashinta biyar yake ɗauka, kuma ana iya kwance bututun a sa wani, abin da ban taɓa ganin buƙatarsa ba.

Inda kuɗin MTR yake shi ne mazaunin harsashi. An matse shi irin na gasa, ta yadda idan ka tura sakata za ka ji ɗan tauri a ƙarshe, dalma ce ke cizon farkon tsagin bututu tun kafin a harba. Zaro harsashin da ba a harba ba ka duba shi a rana, za ka ga 'yan layuka sirara a jikin dalmar. Wannan cizon ne ke sa harsashi ya shiga bututu a miƙe. Sabon shiga kan ɗauka wani abu ya lalace, alhali haka aka ƙera ta. Da harsashin da ya dace da ita, a safiyar da babu iska, huji biyar kan taru min cikin abin da bai wuce santimita ɗaya da rabi ba a mita 50, wani lokaci ƙasa da haka sosai. Kunamarta ana iya daidaita ta, tana karyewa tsaf ba ja-in-ja, amma fa kunamar bindigar fili ce da aka gyara, ba ta gasa ba.

Tikka T1x ce kishiyarta. Kamfanin Sako ke yin ta a Riihimäki ta ƙasar Finlan, ta fito a 2018, gidan harsashinta goma. Sakatarta sumul, harbinta ba abin kushewa. Ƙotarta roba ce, kuma a nan ta ɗan fi CZ dacewa da garinmu: katako yana shan danshi a Agusta ya kumbura, ya zo ya bushe ƙayau a Janairu, inda harsashi ke sauka ya ɗan gusa. Roba ba ruwanta da damina. Duk da haka ƙotar Tikka ta fi kama da ta farauta, ba ta da faɗin ciki da nauyin da ke kwantar da bindiga a kan buhu, ni kuwa a kan buhu da kwance na fi yin harbi. Maganin katakon CZ mai sauƙi ne. Nakan zura takardar naira tsakanin bututu da katako in ja ta har gindi. In ta wuce salin-alin, bututu na shawagi yadda ake so. In ta tsaya a wani wuri, katako ya taɓa ƙarfe, sai a kai wa mai gyara.

Anschütz kuwa wata duniya ce. Kamfanin na Ulm ne a Jamus, asalinsa tun 1856, kuma sakatarsu ta Match 54 da ta fito a 1954 har yau ana cin gasa da jikokinta. Kunamar samfurin gasa takan tashi da nauyin da bai wuce giram 100 ba, kafin ka gama niyya ta tafi. Wanda zai shiga gasar ƙasa da ƙasa, inda ba a yarda da madubi ba sai saitin ƙaramin rami, wannan layin zai bi ko ya so ko ya ƙi. Amma kuɗinta ya ninka na CZ sau da yawa, kuma a ba ta harsashin banza ta watsa shi kamar kowace.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Bindigar .22 ba a ɗura mata harsashi a gida yadda masu manyan bindigogi ke auna albarushinsu a wasu ƙasashe, abin da masana'anta ta ba ka shi ke nan. Kowace bindiga kuma da wanda take so. Eley Tenex na Ingila, Lapua Center-X, SK da RWS R50 na Jamus, duk sanannu ne, amma ko a cikin suna ɗaya, rukunin da aka buga wannan wata kan bambanta da na wancan. Shi ya sa manyan 'yan wasa ke gwada rukuni-rukuni, su sayi mai yawa daga lambar da bindigarsu ta karɓa. Mu nan ba mu da wannan gatan, abin da ya samu ta hanyar da doka ta yarda shi ake harbawa. Don haka na ke ganin wauta ce mutum ya zuba duk abin da ya tara a bindiga ya bar harsashi da madubi ba ko sisi.

Wani ɗan yayata da ke aikin ɗamara ya taɓa zuwa fili da kwalin harsashi mai kai ja, irin mai saurin gudu, yana ta murna. Ya ce, "Kawu, wannan ai ya fi naka ƙarfi, dubi gudun da aka rubuta a jiki." Na ce, "To ɗana, bismilla, ga takarda can." Nasa na gudun wajen mita 380 a daƙiƙa, nawa wajen 325. Da muka je duba takarda, nasa sun bazu har wajen da'irar takwas, nawa suna manne da juna. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa a yanayi matsakaici. Harsashinsa ya fita da gudun da ya fi sauti, ya rage gudu a hanya ya ratsa wannan iyaka, a nan yake ɗan girgiza. Nawa tun daga bakin bututu yana ƙasa da sauti, bai haɗu da wannan ba. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da na ce masa iska ma ta fi kaɗa mai gudun, don shi ya fi saurin zubar da gudunsa. Bai yarda ba sai da hunturu ya zo ya gani da idonsa.

Hunturun kansa sai an yi shiri. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa na iya ture harsashin nan sama da santimita 2 a mita 50, wato daga goma zuwa takwas. Mukan kafa 'yan tsummoki a kan sanduna tsakanin layi da takarda, a jira su kwanta iri ɗaya kafin a taɓa kunama. Ƙura kuma tana manne wa maiƙon dalma, harsashin da ya faɗi ƙasa ba na mayar da shi bindiga, kwalin ma a rufe yake sai lokacin ɗauka. A Maris da Afrilu matsalar ta koma zafi: maiƙo ya yi laushi idan kwali ya sha rana, kawalwalniya ta sa baƙin takarda ya riƙa rawa a madubi. Harbin sassafe ya fi.

MTR ba ta zuwa da saitin ƙarfe, dole madubi, kuma layin ɗora shi milimita 11 ne, a kula wajen sayen zobba. A nemi madubin da ake iya daidaita nisan ganinsa zuwa mita 50 ko ƙasa. Yawancin na manyan bindigogi an tsayar da su a yadi 100, idan ka ɗan motsa kai sai giciyen saiti ya yi yawo a kan takarda, ka yi ta zargin bindiga a banza.

Wanda kuma zai karɓi bindiga ta hannu, a sauya masa takardunta, ya cire sakata ya haska tocila a leɓen mazaunin harsashi. In ya ga ɗan lotsawa a inda allura ke sauka, an sha ɗana ta ba harsashi, ƙarfe ya yi ta dukan ƙarfe. Ya juya ya duba bakin bututu, zagayen ya kasance lafiya lau ba ɓantarewa, domin masu zura sandar wanki ta gaba nan suke lalatawa. Sannan ya roƙi a bar shi ya harba rukuni uku na biyar-biyar a mita 50, bayan 'yan harbin ɗumama bututu, da irin harsashin da ya san zai riƙa samu.